Deb, RPM, Snap ko Flatpak: Asalin Musun Mutanen Linux a Kan Ƙunshin Manhaja

Wanda ya saba da Windows hanya ɗaya ya sani ta saka manhaja: ya sauko da fayil, ya danna shi sau biyu, ya yi ta amsa tambayoyi har a gama. Mai wayar Android ma haka, ko ya shiga Play Store, ko abokinsa ya turo masa fayil ɗin APK. Ranar da irin wannan mutum ya koma Linux, ya je neman manhajar tace hoto ko ta haɗa bidiyo, sai ya tarar an jera masa zaɓi huɗu ko biyar: ga deb, ga rpm, ga Flatpak, ga Snap, ga AppImage. Idan ya tambayi masana wanne zai ɗauka, sai su kaure da musu a junansu, su bar shi tsaye yana kallo. Musun nan yana da tushe, amma ba a gane shi sai an bi shi daki-daki, tun daga abin da ke cikin ƙunshin kansa.

Manhaja ba ta tsayawa da ƙafarta ita kaɗai. Wanda ya rubuta manhajar karanta wasiƙu ba shi ya rubuta ɓangaren da ke zana taga da maɓallai ba, ba shi ya rubuta wanda ke ɓoye sirrin saƙo a hanya ba. Waɗannan ayyuka wasu sun riga sun yi su, sun ajiye a matsayin laburare domin kowa ya ara: GTK da Qt na zana taga, OpenSSL na ɓoye sirri, glibc kuwa kusan babu manhajar da ba ta jingina da ita. Ƙunshi shi ne fayilolin manhajar a ɗaure wuri ɗaya, tare da takardar bayani da ke faɗin sunanta, da sigarta, da laburaren da take buƙata kafin ta tashi. Tambayar da ta raba kawuna ita ce: waɗannan laburare a ina za su zauna, kuma wa zai kula da su?

Tsohuwar amsa ta samo asali ne daga yadda Linux ya taso. Abin da Linus Torvalds ya fitar a 1991 ƙwaya ce kawai, wadda ke shiga tsakanin na'ura da manhajoji. Wasu mutane daban ne suka riƙa haɗa ƙwayar da sauran kayan aiki su fitar da cikakkiyar babbar manhaja. Kowane irin wannan haɗi ana ce masa distro, kuma kowanne gida ne mai zaman kansa, da dokokinsa da ma'aikatansa. Slackware da Debian sun fito a 1993, Red Hat ya biyo baya. Debian ya yi nasa ƙunshi, deb, da na'urar kwance shi mai suna dpkg. Red Hat ya yi RPM, wanda Erik Troan da Marc Ewing suka rubuta. A farkon lamari wahala ce zalla. Ka sauko da ƙunshi ya ce sai an kawo masa wani, ka nemo wancan ya ce shi ma sai wasu biyu, ka kawo su ɗaya ya ce sigar da ke kwamfutarka ta tsufa. Mutum na iya kwana a kan haka. Maganin ya zo da APT, wanda Debian ya fitar a 1998: ka faɗi sunan abin da kake so, shi zai leƙa rumbun gidan, ya lissafa duk abin da ake buƙata, ya sauko da su a jere. Ɓangaren RPM ya samu yum, daga baya DNF ya gaje shi. Arch Linux, da Judd Vinet ya kafa a 2002, ya zo da pacman.

An daɗe ana cacar baki tsakanin masu deb da masu rpm, amma wannan ba ta da wani nauyi. Dukansu aiki ɗaya suke yi, bambancin ɗauri ne kawai. Hujja kuwa ita ce ƙunshin rpm da aka gina wa Fedora ba lalle ya yi aiki a openSUSE ba, alhali ɗaurinsu iri ɗaya ne, haka deb na Ubuntu na iya ƙin zama a Debian. Abin da ke sa ƙunshi ya yi aiki shi ne an gina shi daidai da laburaren da ke wannan gida, a wannan siga, a wannan lokaci.

A nan ne mutum mafi muhimmanci a wannan labari yake shigowa, wato mai kula da ƙunshi. Ba shi ya rubuta manhajar ba. Aikinsa ya ɗauko rubutun tushe daga wajen marubucin, ya duba lasisinsa, ya gina shi da laburaren gidansu, ya cire abin da ya saɓa wa ƙa'idar gida, ya sa hannu, ya zuba a rumbu. Yawancinsu 'yan sa-kai ne. Debian 12, wanda ya fito a 2023, ya zo da ƙunshi sama da 60,000, kuma kowanne akwai mutum ko ƙungiya da ke riƙe da shi. A wannan tsari kwafi ɗaya na OpenSSL ne a kwamfutarka, duk manhajojin da ke buƙatarsa daga nan suke ɗiba.

Kamar kasuwa ce mai taransifoma ɗaya. Idan ta samu matsala aka gyara, kowane shago ya samu wuta lokaci guda, ba wanda ya sayi mai. Idan kuma mai gyaran ya haɗa waya ba daidai ba, kasuwar gaba ɗaya ta shiga duhu. Sababbin tsare-tsaren da za mu zo kansu sun fi kama da kowane shago ya sayi janaretansa: ba ruwansa da taransifoma, amma ga kuɗin mai, ga cin wuri, kuma idan kamfanin janareta ya ce akwai lahani a samfurinsa, sai an bi shago-shago ana gyarawa.

Duka fuskokin taransifomar biyu sun taɓa faruwa, kuma a kan laburare guda. A watan Afrilun 2014 aka gano ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, wadda ke ba ɗan kutse damar karanto sirri daga ƙwaƙwalwar sabar. Gidajen Linux suka gyara ƙunshi ɗaya, masu amfani suka sabunta shi, suka sake tayar da manhajojinsu, duk abin da ke jingine da shi ya tsira. Masu goyon bayan tsohon tsari har yau da wannan suke kafa hujja. Sai dai abokan musunsu ma suna da tasu. A 2006 mai kula da OpenSSL a Debian ya cire wasu layuka da ke sa wata na'urar bincike kuka, ba tare da sanin cewa a kansu samar da lambobin sirri ya dogara ba. Sai a 2008 Luciano Bello ya gano cewa makullan sirrin da aka ƙirƙira a Debian da Ubuntu cikin wannan tsakani ana iya cankarsu cikin sauƙi. Rubutun asali lafiyarsa ƙalau, hannun mai kula ne ya ɓata shi.

Ƙorafin marubuta manhaja ya fi wannan faɗi. Na farko, yawa. Mutum ya rubuta manhaja, Windows ƙunshi ɗaya ya ishe shi, Mac ɗaya, amma Linux sai ya gina wa Debian, da Ubuntu siga biyu ko uku, da Fedora, da openSUSE, ko kuma ya zauna jiran wani ɗan sa-kai ya ga dama. Torvalds da kansa ya yi wannan kuka a taron DebConf na 2014 a Portland ta Amurka. Yana da wata manhaja ta masu ninƙaya a ƙarƙashin teku mai suna Subsurface, ya ce suna fitar wa Windows da Mac ƙunshi a shirye, amma na Linux azaba ce. Idan uban gidan ya faɗi haka, ai ba sharrin maƙiya ba ne.

Na biyu, tsufa. Debian yana fitar da tsayayyar siga kusan duk shekara biyu, kuma da zarar ta fito ba a canja sigar manhajojin ciki, sai dai a toshe ɓarakar tsaro. Ga mai kula da sabar banki wannan rahama ce, domin abin da ya gwada bara shi ne ke aiki bana. Ga marubucin manhaja kuwa ciwon kai ne: mutane na aiko masa ƙorafi a kan kuskuren da ya gyara tun shekara biyu baya. Jamie Zawinski, marubucin XScreenSaver, ya gaji har ya dasa saƙo a cikin manhajarsa da ke fitowa ya gaya wa mai amfani cewa sigarsa ta tsufa. A 2016 saƙon ya fara bayyana wa masu Debian, aka yi ta sa-in-sa, ya nemi ko su sabunta ko su cire manhajar daga rumbunsu. Debian ya cire saƙon ya ci gaba da rabawa, domin lasisin ya ba shi dama. Kowa a cikinsu yana da gaskiyarsa, shi ya sa rigimar ba ta mutu ba.

Daga wannan ƙorafi ne sababbin ƙunshi uku suka fito, duk da niyya ɗaya: marubuci ya gina sau ɗaya, ya yi aiki a kowane gida.

AppImage ne babba a shekaru. Simon Peter ya fara shi a 2004 da sunan klik, ya samu sunansa na yanzu a 2013. Fayil ɗaya ne mai ɗauke da manhaja da yawancin laburarenta. Ba a girka shi. Ka sauko da shi, ka ba shi izinin tashi, ka danna. Idan ka gaji da shi ka goge. Ba shi da rumbu na dole, ba shi da shinge, kuma galibi ba ya sabunta kansa. Sauƙinsa shi ne rauninsa: duk abin da kake iya taɓawa a kwamfutarka shi ma yana iya taɓawa, kuma ba wanda ya duba maka shi.

Snap na kamfanin Canonical ne, masu Ubuntu. An fara shi domin ƙananan na'urori da sabar, ya shigo kwamfutar tebur da Ubuntu 16.04 a 2016. Kowane snap matsattsen faifai ne da ake ɗaurawa a jikin tsarin ba tare da an kwance shi ba, ana killace shi da shingen AppArmor, kuma yana duba sabuntawa da kansa sau huɗu a rana. Ƙarfinsa shi ne yana iya ƙunsar kusan komai, daga manhajar tebur zuwa hidimar sabar har ƙwayar Linux ɗin kanta.

Flatpak kuwa Alexander Larsson ne ya rubuta shi yana ma'aikacin Red Hat, da farko da sunan xdg-app, aka canja suna a 2016. Shi ya bi tsaka-tsaki. Maimakon kowace manhaja ta ɗauko komai, akwai manyan tubala na tarayya, na Freedesktop da na GNOME da na KDE, manhaja ta zaɓi wanda za ta zauna a kai, ta ƙara abin da ya rage mata. Fayilolin da suka zo iri ɗaya sau ɗaya ake ajiye su. Manhajar tana zaune a cikin shinge, idan tana son buɗe fayil sai ta bi ta wata ƙofa da ke nuna wa mai kwamfuta taga ya zaɓa da hannunsa. An gina shi ne domin manhajojin tebur, ba ruwansa da sabar. Babban rumbunsa Flathub ne, amma kowa na iya kafa nasa.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce wurin da gizo ke saƙa. Manhajar snapd da ke tafiyar da Snap a kwamfutarka buɗaɗɗiya ce, kowa na iya karanta rubutunta. Amma sabar da ke riƙe da shagon Snap rufaffiya ce, ta Canonical ce, kuma snapd shago ɗaya ya sani. Canonical na cewa shago ɗaya ya fi sauƙi ga mai nema da mai rubutawa, kuma ya fi sauƙin tsarewa. Masu suka na cewa mutanen da suka bar Windows domin kada kamfani ɗaya ya riƙe musu ƙofa ba za su yarda a sake gina musu irin wannan ƙofa a cikin gida ba.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila bai yi zafi ba. Abin da ya hura wutar shi ne yadda aka shigo da shi. Daga Ubuntu 19.10, wanda ya umarci APT ya girka masa burauzar Chromium sai ya samu ƙunshin deb wanda ba komai a cikinsa, aikinsa kawai ya janyo snap. Dalilin Canonical ba na banza ba ne: Chromium ƙato ne, yana fitar da sabuwar siga kowane 'yan makonni, gina shi wa kowace sigar Ubuntu da ake tallafawa yana cin ma'aikata. Amma mutum ya nemi abu ɗaya an ba shi wani ba da saninsa ba. Linux Mint, wanda a kan Ubuntu aka gina shi, ya ƙi. A sigarsa ta 20, a 2020, jagoransa Clément Lefebvre ya sa aka toshe girka snapd ta hanyar APT sai in mai kwamfuta ya cire katangar da kansa, daga baya Mint ya koma gina nasa Chromium. Firefox ma ya koma snap a Ubuntu 21.10, mutane suka yi ta kukan jinkirinsa wajen tashin farko, har Canonical ya zauna ya rage matsalar. A farkon 2023 aka sanar cewa rassan Ubuntu na hukuma, irin su Kubuntu da Xubuntu, za su daina zuwa da Flatpak a girke. A Janairun 2024 Mozilla ta buɗe nata rumbun deb na Firefox. A ganina, yawancin baƙin jinin da Snap ke da shi ba daga fasaharsa ya fito ba, daga wannan salon tura wa mutane abu ne. Har sabuntawar dole sai a ƙarshen 2022 aka ba da hanyar dakatar da ita baki ɗaya.

Maganar shinge ma tana buƙatar a yi ta da hankali, domin ana yawan zuzuta ta. Gaskiya ne ƙunshin deb ko rpm yana samun cikakken iko a lokacin girkawa, kuma manhajar da ya kawo tana ganin duk fayilolinka. Kariyarka a can ita ce amanar mai kula. Flatpak da Snap sun ce ba sai ka dogara da amana kaɗai ba, ga shinge. To amma marubucin ne ke rubuta izinin da yake so, kuma manhajoji da dama a Flathub sun nemi izinin ganin duk babban fayil ɗin mai amfani, domin ba a rubuta su da tunanin shinge ba. Snap ma yana da wani yanayi da ake kira classic, wanda babu killacewa a cikinsa, kuma a gidajen da ba su da cikakken AppArmor killacewar ba ta cika. Shingen yana nan, yana kuma ƙara ƙarfi shekara bayan shekara, har akwai manhajar Flatseal ta rage izini, amma sai an duba kafin a saki jiki.

Sannan buɗe ƙofa ga kowa ya zuba kaya yana da farashi. A 2018 an kama snap a shagon Canonical yana haƙar kuɗin kirifto a ɓoye da kwamfutocin mutane. A 2023 da 2024 aka samu jabun manhajojin asusun kirifto da ke sace kalmomin sirri, har kamfanin ya koma duba sababbin sunaye da hannu kafin a yi musu rajista. Rumbun AUR na Arch, inda kowa ke iya zuba umarnin gini, shi ma an sha kama gurɓataccen kaya a ciki. Tsohon tsari bai tsira ba: ƙofar bayan da Andres Freund ya gano a laburaren xz a watan Maris na 2024 an dasa ta ne a fayil ɗin tushe da marubuta ke fitarwa, an kuma tsara ta ta kunnu daidai lokacin da ake gina deb ko rpm. Ta shiga sigogin gwaji na Debian da Fedora kafin a ankara, ba ta kai ga tsayayyun sigoginsu ba, kuma jinkirin nan da ake zagin Debian a kansa yana cikin abin da ya tare ta.

Kada a ɗauka sabon ƙunshi ya kashe rigimar marubuci da mai kula. A farkon 2025 masu OBS Studio, manhajar ɗaukar bidiyo da watsa shi kai tsaye, suka yi karo da Fedora. OBS na da nasa Flatpak na hukuma a Flathub, amma Fedora na gina wani Flatpak ɗin daban a rumbunsa, shi ne ke fara bayyana wa masu amfani, yana da matsaloli, ƙorafin kuma yana zuwa wajen OBS. Sai da aka kai ga barazanar shari'a a kan amfani da suna kafin a zauna a sasanta. Ɗauri iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu, rigimar kuwa ita ce dai ta Zawinski da Debian.

Akwai wani ɓangare da masu wannan musu a Turai da Amurka ba su cika damuwa da shi ba, amma mai sayen data a Kano ko Damagaram ya san zafinsa. Ƙaramar manhaja a deb na iya zama 'yan megabait kaɗan, domin laburarenta suna nan tun farko. Ita ɗin a Flatpak, idan ita ce ta farko, za ta janyo tubalinta mai ɗaruruwan megabait. Ta biyu da ta uku a kan tubali ɗaya ba za su ci haka ba, amma idan ɗaya na kan GNOME ɗaya na kan KDE, ko sigogin tubalin sun bambanta, sai a sake biya. Snap kuma yana ajiye tsohuwar siga domin a iya komawa baya, wanda ke cin faifai, ga sabuntawa da ke iya tashi lokacin da data ta kusa ƙarewa idan ba a saita ta ba. AppImage ne ya fi dacewa da al'adar tura manhaja hannu da hannu, mutum ɗaya ya sauko, a zuba a filashi, ɗakin kwamfuta na makaranta gaba ɗaya ya samu. Haɗarinsa shi ne na APK ɗin da ake turawa: ba ka san hannu nawa ya bi ba. Mai kula da kwamfutoci da yawa a wuri ɗaya ya fi samun sauƙi idan ya sa guda ta riƙa ajiye ƙunshin deb da aka sauko, sauran su ɗiba daga gare ta, kuma Flatpak ma yana da umarnin kwafe manhaja da tubalinta a filashi.

A aikace an fara raba aiki ko da bakuna ba su daina musu ba. Gindin tsarin, wato ƙwaya da direbobi da laburaren tushe, yana hannun masu kula ta hanyar deb da rpm da pacman, kuma ban ga dalilin raba su da shi ba. Manyan manhajojin tebur masu saurin canjawa suna ta komawa hannun marubutansu. A 2023 Red Hat ya sanar zai daina kula da ƙunshin rpm na LibreOffice a sigoginsa masu zuwa, ya nuna wa mutane hanyar Flatpak. Na'urar wasa ta Steam Deck da Valve ya fitar a 2022 tana kan Arch ne, amma an kulle gindinta ba a rubutu a kai, manhajojin ƙari ta Flatpak ake saka su. Fedora Silverblue ma gindinsa a kulle yake. Canonical ya yi niyyar fitar da tasa irin wannan, Ubuntu ta tebur wadda komai nata snap ne, tare da sigar Afrilun 2024, sai ya ɗage.